Kifin da Aka Hana Shiga Coci

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Kebbi take sabuwa fil, aka yi wa mahaifiyata wani abu a bakin ƙofar coci wanda har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ita tun ranar ta watsar da maganar. Ni ce na ɗauki fushin na riƙe mata, ba tare da ta roƙe ni ba.

Mu mutanen ƙasar Zuru ne, aiki ya kawo mahaifina Birnin Kebbi tun ina ƙarama. Gadi yake yi a wata makaranta, albashin kuwa ba ya kai mu ko'ina, shi ya sa ya karɓi aron gona a fadamar Zauro yana noman shinkafa. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu.

A daminar wannan shekarar gulbi ya cika ya batse, daidai lokacin da shinkafa ta fara nuna. Mahaifina ya kasa zama. Ya ari kwalekwale ya ɗauki lauje, wai ya yanko ko da kawunan da ruwa bai rufe ba tukuna. Mutumin da ko iyo bai iya ba! Mahaifiyata ta bi shi har bakin ruwa tana faɗa, bai ji ba. Tana tsaye tana kallo kwalekwalen ya kife, ba ta ƙara ganin komai ba sai hularsa tana juyi a kan ruwa.

Matan da ke wurin sun ce durƙusawa ta yi cikin taɓo ta ɗaga murya: "Ya Ubangiji, in ka hiddo min shi da rai, ran godiyar kaka da rawa za ni kai maka abin da ke hannuna, har gaban bagade!" Wani masunci mutumin Argungu, da ya gangaro kamun kifin ambaliya, shi ya yi nutso ya jawo shi. Mahaifina ya fito da rai, sai dai ya sha ruwa, ya daɗe yana jinyar ƙirji. Shinkafa kuwa ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba.

Ga wanda bai sani ba, godiyar kaka rana ce da kowane gida ke ɗauko wani abu daga amfanin shekara, a shigo da shi da kiɗa da rawa tun daga ƙofa har gaban bagade, wato teburin miƙa baiko da ke can gaban coci. Ranar tana ta matsowa, hannun mahaifiyata babu komai. Ni na damu, ita ko a jikinta. Ana gab da bikin ta ce za ta Argungu ta yi wa masuncin nan godiya, don tun da abin ya faru ba ta samu ta je ba. Ta ƙulla ɗan goro a bakin zane ta hau mota.

Da yamma sai ga ta da kwando a ka, shaƙe da bandar tarwaɗa, tana dariya tun daga zaure. Wai mutumin cewa ya yi, "Inna, ni mi niy yi? Hannu kawai nim miƙa. Wanda yah hiddo shi, shi za ki gode ma." Ya karɓi goro, matarsa ta cika mata kwando. Ta dube ni ta ce, "Kin gani? Ruwan da yac ci shinkahwa, shi yab ba da kihi. Ga abin hannuna ya samu."

To, cocinmu a lokacin ba cocin da muka sani ba ne. Da aka ba da jiha, manyan ma'aikata sun taso daga Sakkwato sun cika gari, mu da muka saba da benci da tabarma sai ga motoci jere a gindin dogonyaro. Ban ƙi ba, gidan Allah na kowa ne. Amma a shekarar aka ba matar wani babba shugabancin shirya biki, ta gayyato manyan baƙi, ta sa aka shimfiɗa jan kafet sabo dal daga ƙofa har bagade. Tun ana saura mako ake gargaɗin yara kada wanda ya taka.

Ni ce mai buga tulu a zumuntar matan coci, da soso muke kaɗa shi kamar ganga. Wurin zamanmu yana jikin taga, dab da ƙofa, saboda haka komai a kunnena aka yi. Mun ɗauki waƙar godiya, masu buhuna suna shiga, masu awaki suna shiga. Na hango mahaifiyata da kwandonta a ka, ta sha zanen da ba ta ɗaurawa sai Kirsimeti, mahaifina na biye da ita a hankali yana tari. Tun daga nesa ta fara taka rawa. Tana sa ƙafa a dokin ƙofa matar nan ta miƙa hannu ta tare.

"Mama, mi ke cikin kwandon ga?"

"Godiyata ta, ɗiyata."

Matar ta ɗaga ganyen da aka rufe da shi, ta ja da baya tana toshe hanci da gefen gyale. "Kihi? Haba Mama, ba ki jin ƙarni? Ga manyan baƙi, ga sabon kahet, mai ya ɗiga a kai wa za shi wanke? Aje shi waje, ki shigo ki zauna. Allah ya ga zuciyarki."

"Alkawali niy yi," in ji mahaifiyata. "Da rawa nic ce, har gaban bagade."

"Bana an tsara abin, masu buhu da masu dabba ka shiga da rawa." Sai ta rage murya, irin ta mai ba da shawara don Allah. "Kuma Mama, tsakani da Allah, ku da ruwa yac cinye ma gona, mi za ku yi ma rawa?"

Mi za ku yi ma rawa! Ga mutumin da aka tsamo daga bakin mutuwa tsaye a gabanta yana numfashi, tana tambayar abin da za a yi wa rawa. Abin da ya fi ƙona min rai, dattawan ikilisiya suna zaune kusa, sun ji. Mutanen da suka ci tuwon shinkafarmu shekara da shekaru, waɗanda suka zo duba mahaifina suna cewa Allah ya yi abin al'ajabi. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba littafin waƙa, sai ka ce yau ya fara ganinsa.

Na yar da soson bugun tulu na miƙe. Wallahi niyyata in fita in kwance wa matar nan ɗaurin kanta a gaban baƙinta. Sai muka haɗa ido da mahaifiyata ta taga. Ta galla min harara, ta nuna tulun da haɓa. "Zauna," ta ce. "Buga."

Na zauna, na buga. Ita kuwa ta ja da baya zuwa tsakiyar fili, cikin rana tsaka, ta gyara kwando a ka, ta shiga rawa. Ba rawar jin kunya ba, ba ta a-gani-a-ji-tausayi ba. Rawa sosai, ƙura na tashi, tana juyi tana guɗa, fuskarta kamar an yi mata albishir. Mahaifina, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa don kiɗa ba, sai ga shi ya bi bayanta yana kaɗa kafaɗa, ya yi tari ya ci gaba. Ni ina ciki hawaye na zuba, ina dukan tulun nan kamar shi ya yi min laifi.

Da waƙa ta ƙare ta zo ta durƙusa a dokin ƙofa, ta sauke kwando, ta ce a fili, "Ubangiji, nan anka tsai da ni. Hannunka ya kai cikin gulbi, ba za shi kasa kaiwa nan ba." Ta kakkaɓe gwiwa, ta shigo ta raɓe ta gefen kafet, ta zauna a tabarmar baya ta ci gaba da waƙa. Matar nan ta sa aka janye kwandon zuwa bayan coci.

Da aka tashi hutun cin abinci, mata suka yi ta zuwa suna dafa ni: "Kai, yau Ruhu ya sauko miki! Ba mu taɓa jin kiɗa irin na yau ba." A raina na ce: Wane Ruhu, fushi ne zalla. Iyayena suka wuce gida saboda ƙirjin mahaifina, ni aka tura ni bayan coci taya rabon abincin baƙi, don bayan an ci za a koma ciki a ƙarasa sujada.

Ina zagayawa na ga kwandonmu a kife, wayam. Ashe naman da aka tanada bai isa ba, sai aka juye kifin mahaifiyata kaf cikin miyar manyan baƙi. Ga matar nan zaune a kujera, ta tattare hannun riga, tana tsotsar kan tarwaɗa tana cewa ai kifin Argungu ba shi da na biyu. Aka aiko daga teburin baƙi a ƙaro miya.

Na tsaya a kanta na ce, "Uwargida, ƙarnin ya tahi?" Ban samu na ƙarasa sauran ba, don akwai sauran da yawa, mata suka ja ni gefe suna ba ni haƙuri. Ita ko kunya ba ta ji ba, ta ce wai yaran yanzu ba su da ladabi.

Na iso gida ina huci, na tarar da mahaifiyata tana dama wa mahaifina kunu. Na zazzage mata labari duka, na rantse ƙafata ba za ta sake taka cocin nan ba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Sun ci?"

"Sun cinye tas, har da neman ƙari."

"Da sunka ci, sun koma ciki?"

"Sun koma."

"Ina sunka zauna?"

Na ce, "Ina kuwa? Kujerun gaba mana, dab da bagade."

Ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. "To ki gani! Ya kai! Ni ƙohwa nik kai shi, Ubangiji Shi ya ɗauka cikin tumbinsu ya taka da shi bisa kahet har gaban bagade." Mahaifina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na ɗauki kwana da kwanaki kafin abin ya ba ni dariya, ko yanzu ma rabi ne.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na huce ba. Abin da aka yi ba daidai ba ne, kuma shirun dattawan nan ya fi maganar matar ciwo. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidan Allah yana auna wa mutane ko sun isa su yi murna, ya ɗauki aikin da ba a ba shi ba. Amma in na duba ranar, sai in ga mu biyu aka yi wa abu ɗaya. Mahaifiyata ta rasa gona, ta sha wulaƙanci a bainar jama'a, duk da haka ba wanda ya kai ta farin ciki a cocin nan, domin idonta yana kan mijinta da aka mayar mata. Ni ma ubana ne aka mayar min, amma idona yana kan mai ɗaurin kai. Godiyarta ba ta jira izinin kowa ba, shi ya sa ba wanda ya iya ƙwace ta.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya yanzu. Ni kuwa kowace godiyar kaka sai na aika Argungu an sayo min bandar tarwaɗa, in zuba a kwando, in ƙi rufewa. Da shirin faɗa nake tunkarar ƙofa, amsata a bakina, ina jiran wanda zai miƙo hannu. Har yau ba a samu ba. Kuma kowace shekara, kafin in kai tsakiyar coci na manta amsar, ƙafata ta kama rawar mahaifiyata, sai dai in tsinci kaina a gaban bagade ina kuka ina dariya, ƙarnin kifi ya cika ko'ina.