Minti Goma Sha Biyar Da Na Ɓoye Wa Yaya Sanusi

Shekara uku ke nan da aka binne Yaya Sanusi a nan Alƙahira, kuma shekara uku ke nan ina jin ana ce masa ɗan caca ina yin shiru. Na gaji. Ban iya doguwar ta'aziyya ba, abin da ya faru kawai zan faɗa.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatu ya kawo shi Masar, ya koma yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a kasuwar Ataba, daga baya wani Bamisire a unguwar Ma'adi ya koya masa cinikin da ake kira ofshin. Ba hannun jari kake saye ba, damar saye ko sayar da shi kake saye, a kan wani farashi, kafin wata rana. Ranar ta wuce, damar ta mutu da kuɗinka. Abokansa ɗalibai sun sha kawo masa fatawa a kan halaccin abin. Wannan muhawara ba tawa ba ce, ni sakandare kawai na yi.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, a shekarar da gari ya rikice, aka turo ni daga Gusau in riƙa karanta masa kwamfuta. Muna zaune a hawa na biyar na wani bene a unguwar Faisal, da matarsa Anti Rabi da 'yarsu Ummi. Wajen la'asar kasuwar Amurka take buɗewa a agogonmu. Ina karanto lambobi, yana yanke shawara, ina tura oda.

Mutumin da ake ce wa ɗan caca sai da ya yi mako uku yana zaɓen kamfanin da zai riƙa kawo masa farashi. Ya sa na buɗe guda uku a jere muna duba wanda ke rigan saura. Tambayoyinsa ba sa canzawa: yana nuna farashin mai saye da na mai sayarwa duka? In intanet ya yanke, yana faɗa, ko barin tsohuwar lamba yake yi a tsaye? Ya ɗauki mafi tsada. Na ce, "Yaya, lamba ai lamba ce." Ya ce, "Auta, ke da ko shayi ba kya bari ya huce, me kika sani?"

Duk wata ni ke shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, in je banki in zuba kuɗi a katin da kamfanin ke cira. Layin bankin nan na tsana. Wata rana na ga shafin dillalinmu yana nuna farashi kyauta. A kusurwa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa yana jinkirin minti goma sha biyar. Na gani, na kuma fahimta. Ban je banki ba, na koma karanto masa na kyautar. Na sayi tukunyar gas da jakar hannu, na ce masa na biya.

Mako biyu kasuwa na kwance, ba abin da ya faru. Sai ranar da wani labari ya fito a kan wani kamfani da Yaya ya zuba kuɗin da aka tara don aikin idonsa a ciki. Haka ne, bai kamata ya taɓa kuɗin nan ba, wannan laifinsa ne, ba zan wanke shi ba. Amma yana da ƙa'ida: farashi ya sauka zuwa kaza, ya fita. Na karanto masa lamba mai kyau. Ya ce in sa odar sayarwa mai iyaka, kada a sayar ƙasa da ita. Ba wanda ya saya. Ya rage kaɗan, shiru. Muna bin farashin da ya riga ya mutu, na gasken yana can yana gangarawa.

Ya ce, "Lokacin da ke gefen lambar, ƙarfe nawa ya nuna?" Na faɗa. Ya danna agogon hannunsa mai magana, agogon ya faɗi nasa lokacin da Larabci. Tazarar minti goma sha biyar ce. Sannan ya ce, "Sayar a yadda kasuwa ta ba da. Khalas, shi ke nan." Abin da ya dawo bai kai kuɗin aiki ba.

Anti Rabi ta fito daga kicin tana tambaya. Na buɗe baki ya riga ni: "Ni na yi ganganci, Maman Ummi. Ma'alish, ki yi haƙuri." Ta yi kuka, ta kira gida, kafin Juma'a duk Hausawan Faisal sun ji. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Wata bakwai bayan nan ƙodarsa ta tsaya. Likita bai ce asarar ce ta kashe shi ba, ni ma ban ce ba. Amma ya rasu bai ƙara ganin fuskar Ummi ba, wannan kam da hannuna a ciki.

Yau da zai leƙo Faisal, da ransa ya ɓaci. Fam ɗin Masar na faɗuwa, kowa na neman dala, ɗalibai na zuba kuɗin tallafin karatu a waya saboda wani a zauren hira ya ce "saya yanzu". Wasu har ni suke tambaya, wai ƙanwar gwani. Ina tambayarsu daga ina farashinsu yake zuwa, na yaushe ne? Ko ɗaya bai taɓa dubawa ba.

Me ya rage nasa? An sayar da kwamfutar. Iliminsa ya tafi da shi, don ban tsaya na koya ba. Abin da ya rage shi ne rufin asirin da ya yi mini, kuma wallahi wani lokacin haushinsa nake ji, don ya bar ni da mutunci, ya bar 'yarsa da gori. Ummi ta kai shekara tara, a watan jiya wata ta jefe ta da maganar a makarantar Islamiyya.

Anti Rabi, na san za a karanta miki wannan. Sau uku ina zuwa ƙofarki in faɗa, ina komawa. In kin ga dama ki daina amsa gaisuwata, ba zan ga laifinki ba. Amma ki zaunar da Ummi ki gaya mata babanta ya tambayi lokaci, ƙanwarsa ce ta ɓoye masa minti goma sha biyar. Allah Ya jiƙanka, Yaya.