Tiyon Ruwan Sha

Sanyi ya wuce, motoci masu ɗakin kwana da masai a ciki sun cika zangon bakin teku. Tsoho Delbert yana layin ɗibar ruwan sha. Gabansa wani jibgegen mutum ne da farin gajeren wando, motarsa sabuwa fil. Da ganinsa, tun haihuwa wani ke wanke masa masai.

Mutumin yana juye tankin masai na motarsa a rami, bakinsa cike da biredi. Sai ya jawo tiyon da kowa ke ɗibar ruwan sha da shi, ya zura cikin bututun kashin yana kurkurewa.

"Kai, bawan Allah! Da wannan muke sha fa!" in ji Delbert.

"Haba baba, ai na gama." Ya miƙo masa tiyon yana murmushi.

Delbert ya mayar da hannu baya, ya waiwayi matarsa. "Lurleen, sauke butar dafa kofin nan daga wuta. Gara mu sha ruwan teku."