Tukunyar Kanwa da Inna Ta Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk lungunmu na cikin Gwale ke kira Inna. A watan Sha'aban ta tafi, saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, shi ya sa duk shekara da na ji an fara zancen duban wata sai ta faɗo mini a rai. A shekarun baya addu'a nake yi mata in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa na kasa, domin bara na yi wata ɓarna wadda ita ko a mafarki ba za ta yi ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban tabbata na gyara ta ba.

Gidanmu katanga ɗaya yake da gidan Gwaggo Asabe. Ba mu haɗa jini da ita ba, maƙwabtaka ce ta mayar da ita gwaggonmu. Mijinta marini ne, ya rasu tun ina sakandare, 'ya'yan da ta haifa kuma Allah bai yi musu tsawon kwana ba. Kayan miya take sayarwa a cikin gida, daddawa da kuka da barkono da kanwa, da abin da ta samu take riƙe kanta. A bayan madafinmu akwai wani wuri da ruwan sama ya zaizaye katangar har ta dawo daidai kafaɗar mace. Duk ƙarshen damina mahaifinmu sai ya ce zai kira magina su ɗaga wurin, Inna ta ce masa ya bari tukuna, akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Har ya bar duniya ba a ɗaga ba.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ciyayya, gida ya aika wa gida kwanon abinci, wancan ma ya aiko da nasa. Ta Inna da Gwaggo Asabe ta ɗan bambanta. Kullum kafin ta ɗora tukunya sai Inna ta je jikin katangar nan ta ɗaga murya: "Asabe, kanwa ta yanke mini, taimaka mini da 'yar kaɗan." Sai ka ga hannu ya miƙo da ɗan ƙulli a takarda. In tuwo ya nuna, ta zuba a kwano ta koma wurin: "Ga tukwicin kanwarki, ɗanɗana ki ji ko ta ji." Haka suka yi shekara da shekaru, ko ranar da aka dafa shinkafa da mai da yaji, abincin da babu ruwansa da kanwa.

Ni kuwa na tashi da baki. Nakan ce mata, "Inna, ko dai shanu kike kiwo a ɓoye ba mu sani ba? Wannan kanwa haka?" Sai ta harare ni ta ce, "Ke dai malamar makaranta ce, ki ji da allinki." Ban taɓa tsayawa na lura cewa a duk kayan da Gwaggo ke sayarwa kanwa ce mafi araha ba, ita ce wadda za ta bayar kullum ba tare da jarinta ya ji ba.

Bayan sadakar bakwai muna gyara ɗakin Inna muka jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado. Cike take da ƙulle-ƙullen kanwa, wasu takardun har sun yi ja don daɗewa. Muka yi dariya da hawaye a idonmu, muka ce tsufa ne, tana karɓa tana mantawa. A lokacin na riga na dawo gida da zama tun rasuwar maigidana, don haka madafi ya zama nawa. Na ci gaba da miƙa kwano, ina jin na riƙe zumuncin uwata. Ranar farko da Gwaggo ta miƙo ƙullinta ba tare da na roƙa ba, sai na ce, "Haba Gwaggo, bar kayanki, wadda Inna ta bari ma za ta kai mu shekara goma." Na ga hannun ya tsaya, sannan ya koma a hankali. A raina tausaya mata na yi.

Daga nan azumin nafilarta ya fara yawa. Da Litinin da Alhamis na sani, sai ga shi Talata ma in na kira ta ce tana azumi, Asabar ta ce ta riga ta ci. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta ƙi. Ni da digirina na zauna ina yaba ibadar tsohuwa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma ni ban ma yi wahalar hawa rimin ba.

Sai rayuwa ta yi tsadar da kowa ya sani. Yau babu inda za ka zauna a garin nan ba ka ji ana gardama a kan tallafi ba. A ofishin malamai na makarantarmu akwai mai cewa a daina rabon shinkafa, a tura wa kowa nasa ta waya, ɓarawo ya rasa inda zai sa hannu. Wata malama ta ce masa kakarta ba ta da waya, na'ura kuma ta ƙi karɓar zanen yatsanta saboda wanki da surfe sun cinye shi. Mai adaidaita da ya ɗauko ni daga Ƙofar Na'isa ya ce shi a riƙe tallafin, a sauko masa da kuɗin mai kawai zai ciyar da gidansa. A rediyo wani ya bugo yana cewa tallafi lalaci yake koya wa mutane, jari ya kamata a bayar. Wanda ya biyo bayansa ya ce duk wanda aka bai wa jari da yunwa a cikinsa, jarin zai fara cinyewa. Wasu na cewa a damƙa rabo a hannun masu unguwanni, wasu na cewa ai nan ne ma kura za ta samu ajiyar nama. Kowa da gaskiyarsa, amma na lura duk gardamar a kan yadda za a miƙa take. Ban ji wanda ya tambayi yadda mai karɓa yake ji ba, ni ma ban tambaya ba.

Bara, gab da azumi, wata ƙungiya ta kawo rabon kayan abinci mazaɓarmu, aka sa ni cikin matan da za su zaɓo gidajen da suka cancanta. Sunan Gwaggo Asabe na fara rubutawa, ban ko shawarce ta ba. Na san ba za ta je ta tsaya a layi a filin makaranta ba, don haka na roƙi alfarma a kawo mata har gida, ina ganin na yi dabara. Sai ga yaran ƙungiyar su huɗu da riguna iri ɗaya. Aka yi sallama ta fito zaure tana gyara mayafi, ba ta san abin da ake ciki ba. Aka ɗora mata ɗan buhun shinkafa a hannu, aka ce ta ɗago kai ta kalli waya. Ina tsaye a gefe ina murmushi. Ta kalle ni sau ɗaya.

Ba zan ɗora wa yaran nan laifi ba. An ce musu kowane buhu sai da hotonsa, kuma na san dalili. Mun sha ganin rabon da aka ce an yi, alhali a shagon wani ya ƙare, sata ce ta jawo hoton. Sai dai bayan kwana biyu hoton ya shiga wayoyin mutane. Wata mata ta je sayen daddawa ta ce, "Gwaggo, mun gan ki a waya, ashe an tuna da ku." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma matar da ta yi sama da shekara talatin ba wanda ya taɓa jin ta ce a ba ta, ga ta yau a tafin hannun kowa riƙe da buhun sadaka.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ji tim a bayan madafi. Buhun ne, ko ɗinkinsa ba a farke ba. Yadda ta ɗaga shi har ya ƙetare katanga, da wannan jiki nata, Allah kaɗai ya sani. Kafin azahar ta jingina wani tsohon kwanon rufi ta toshe wurin. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma sai a ranar na koma na jawo tukunyar Inna na zauna a gabanta, na gane abin da take yi duk shekarun nan. Ba mantuwa ba ce. Inna ba ta taɓa yarda Gwaggo ta karɓi abu ba tare da ita ta fara bayarwa ba.

Kusan shekara guda ke nan. Na je ta ƙofa na ba da haƙuri, ta ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, amma kwano ko ɗaya bai sake shiga gidan ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne katanga ba ta ɓoye komai. Da ina jin dakanta da safe, yanzu sai a kwana biyu ban ji turmi ba. Ina duban hayaƙi ta saman gidanta, wata rana in gani, wata rana har rana ta faɗi babu. Masu sayen kayan miya sun ragu, kowa ya koma ɗan ƙullin leda na shago. Na gan ta a wajen wani suna, zanen da ke jikinta ya yi mata yawa. Ga azumi ya ƙarato, ina tsoron ta kai shi da ruwa da ɗan abin da ba zai riƙe ta ba, ina tsoron wata safiya in ji shiru ya yi yawa. Idan hakan ta faru, ba gwamnati zan tuhuma ba, na san hannun da ya rubuta sunanta.

Na sha tambayar kaina me Inna za ta ce da ta ga wannan zamani na layi da kati da hoto. Ba na jin za ta ce a daina tallafi, ta san yunwa sarai. Ina jin za ta tambaya ne, "To su me aka nema a wurinsu?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a birnin nan waɗanda yoyon ya fi jiƙawa sau da yawa su ne ba sa fitowa. Tsarin da muke da shi mai iya turereniya yake samu, mai kunya ya kwana da yunwa. Da za a ji tawa, da na ce a nemi wata shaidar da ba fuskar mutum ba, liman da mai unguwa da dattijuwa ɗaya su sa hannu a kai kaya cikin rufin asiri. Da na ce masu dafa abincin makarantu da na buɗa-baki su riƙa sayen daddawa da kuka a hannun irin su Gwaggo, abin ya zama ciniki. Na san za a ce su ma masu sa hannun za su iya haɗa baki, kuma gaskiya ne. Na san hukuma ba za ta bi gida gida tana roƙon kanwa ba. Amsar ba ta cika a hannuna ba, wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Makon jiya aka sake kiranmu mu kawo sunaye. Na kai na wasu, ban sa nata ba. Da na dawo na yi la'asar, na je bayan madafi na tsaya a gaban kwanon rufin nan. Na ƙwanƙwasa na ce, "Gwaggo, kanwa ta yanke mini, ki taimaka mini da 'yar kaɗan."

Har na fara juyawa zan tafi. Sai na ji ana jan kwanon yana ƙara, ya matsa kamar faɗin tafin hannu. Hannu ya miƙo da ƙulli, ya rame fiye da yadda na san shi.

"Wadda za ta kai ku shekara goma har ta ƙare?"

Na ce, "Ta ƙare, Gwaggo."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba," in ji ta. "Uwarki ma ba ta taɓa rasa kanwa ba. Tun ranar farko na sani. Amma ita ta iya."

Na miƙa tuwo da magariba, ta karɓa. Washegari ta ce tana azumi, ranar Laraba ce. Shekaranjiya ta karɓa. Kwanon rufin yana nan ba ta ɗauke shi ba, ta dai bar 'yar kafar da hannu zai wuce, kuma kullum in na nufi wurin ban san abin da zan tarar ba.

Inna ba ta bar gida na kanta ba, ba ta bar gwal ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Ta bar katangar da ta hana a ɗaga da tukunyar da muka yi wa dariya. Allah ya jiƙanta, ya rufa mata asiri yadda ta rufa wa maƙwabciyarta. Ƙullin da Gwaggo ta ba ni na sa shi a cikin tukunyar, a kan na uwata. Gobe in Allah ya kai mu kanwa za ta sake yanke mini, ina roƙonsa ya sa in tarar da hannun da zai miƙo.