Na Kulle Akun Mahaifiyata a Mota Saboda Kunyar Mutane

Assalamu alaikum, Edita. A buga mini wannan ba tare da sunana ba, ko da yake 'yan unguwarmu ta Ka'akiyya za su gane ni tun daga layin farko. Su gane ɗin. Lokacin da abin ya faru ina da shekara hamsin da bakwai, mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse Jidda da Riyad, jikokina kuwa ba sa jin komai sai Larabci. A Makka aka haife ni, sana'ata dafa wa alhazai tuwo a Aziziyya lokacin aikin Hajji. Abokin zamana a gida shi ne wani tsohon aku da na gada daga mahaifiyata. Ɗan'uwanta ne ya kawo mata shi daga Kano tun ina budurwa, kuma da yake a jirgin alhazai ya zo, Alhaji take kiransa. Da muryarta yake magana sak, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko na ci abinci, yadda take tambayata.

Shekara biyu da rasuwarta ya soma fige gashin ƙirjinsa, maganar ma ta ja baya. Likitan dabbobi ya ce tsufa ne da kaɗaici, ba abin da allura za ta yi masa. Sai dai na lura da wani abu a hanyarmu ta komawa gida: mota tana tafiya, yana leƙen taga, bakinsa ya buɗe, har ya zagi wani mai babbar mota da irin zagin da tsohuwa take yi wa awaki. Ni kuwa tun da aka bai wa mata izinin tuƙi na je na koya, da furfurata da komai. Na sa kafinta ya cire kujerun ƙaramar bas ɗin da marigayi mijina yake jigilar alhazai da ita, ya kafa mini gado da tankin ruwa da wurin murhun gas, ya yi wa kejin mazauni a kujerar gaba.

Yayana ya zo har gida ya ce na zubar musu da mutunci, wai mace mai jikoki tana yawon duniya da tsuntsu. Na ce masa shekara talatin ina tsaye a kan tukunya ba wanda ya tambayi bayana ko yana ciwo, yanzu ma a ƙyale ni. Muka je Madina, muka je bakin teku a Yanbu, da zafi ya tsananta muka hau Ɗa'ifa muka yi sati uku. Gashin ƙirjinsa ya fara fitowa. Duk inda na tsaya sallah, da kejin nake fita, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, in ajiye a inuwa kusa da ƙofar mata. Ban taɓa barinsa a mota ba.

Ranar da muke saukowa daga Ɗa'ifa na tsaya a miƙatin Sail don in ɗauki niyyar Umra. Rana ta take sosai. Ina kashe mota na hango wata bas cike da matan unguwarmu, a cikinsu har da aminiyar mahaifiyata, wata dattijuwa da na ji labarin ta ce ƙila na sami taɓin hankali. Ni da na tsaya wa yayana ido da ido, sai ga shi hannuna ya kai kan kejin ya dawo. Kunya na ji, ba wani abu ba. Ba na so ta gan ni riƙe da keji kamar mai talla. Na ɗan sauke gilashi, na kulle mota, na ce wa kaina minti goma ne.

Wanda ya san gaisuwarmu ya san ƙarya na yi wa kaina. Dattijuwar ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta sake yi mini ta'aziyyar mahaifiyata da ta maigida, ta yi kuka, ta kira sauran matan su ma aka sake sabon lale. Aka shimfiɗa tabarma, aka zuba gahawa. Ina amsa lafiya lau, zuciyata tana cikin mota, amma bakina ya kasa cewa Inna, ki yi haƙuri, na bar rai a kulle. An koya mana ba a katse babba. Kusan awa guda na yi a zaune.

Da na buɗe ƙofar motar, zafin da ya bugi fuskata kamar na tanderu. Yana kwance a ƙasan keji, fukafukai a baje, baki a buɗe. Ihun da na yi ya fito da duk matan. A gabansu na cire mayafina na sama na jiƙa shi da ruwan tanki na naɗe shi, ina kiran sunansa ina kuka. Kunyar da na saye da ransa ko minti ɗaya ba ta ƙara yi mini amfani ba. Ban kai ga ɗaura niyya ba, na kama hanyar Makka da shi a kan cinyata har wurin likita.

Ya rayu. Ƙafarsa ɗaya ba ta riƙe sanda yanzu, kuma daga ranar bai sake furta kalma ko ɗaya ba. Yayana ya dawo ya ce ai ga irinta nan, in sayar da motar, zai sayo mini wani akun ɗan yaro. Na tambaye shi ko sabon zai zo da muryar uwarmu.

Ina so masu karatu su fahimce ni da kyau. Ban yi nadamar motar ba, ban yi nadamar tafiyar ba, kuma gobe ma muna kan hanyar Abha, mai magana ya yi ta yi. Nadamata ɗaya ce, ranar da na fifita idon mutane a kan abin da Allah ya ba ni amana. Kada ku bar dabba ko yaro a mota a kulle, ko da minti biyar ne, ko da wa kuka tsaya gaisawa. Ku katse gaisuwar, a ce ba ku da tarbiyya, zai wuce. Ni ban katse ba, na kuwa ji muryar mahaifiyata ta ƙarshe da safiyar ranar ban sani ba. Yanzu kullum kafin in tayar da mota ni nake tambayarsa ko ya ci abinci. Sai ya karkata kai ya dube ni, ya yi shiru.