Yaro Ɗaya, Littafi Biyu

Huɗu na haifa, ɗaya ya tsaya. Ƙyanda ta ɗauki biyu a bazara guda, zazzaɓi ya ɗauki ta ukun. Ubansu ya bi su da damina. Wanda ya rage mini shi ne na fari, kuma sunan uban mijina aka raɗa masa. Kunya biyu ke nan a kan yaro guda. A ƙauyenmu da ke bayan Mawashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kama na suruki, ba ta kama na miji. "Kai" nake ce masa. In yana nesa in ce, "Kai yaron can." Bai taɓa kasa gane da shi nake ba.

Lokacin da ake yaƙi a kudu, aka yi shela cewa masu lamba sun sauka a ɗakin shan magani na Kusada, duk mai yaro ya kai a yi masa rigakafin agana. Mata da yawa suka ɓoye nasu a rumbu. Ni na ja hannun nawa muka tafi. Wadda ta ga abin da na gani ba ta tsoron allura.

Kafin a kai ga mai allura, akwai tebur. A bayan teburin wani saurayi ne siriri, wuya kamar na zalɓe, da ƙaton littafi a gabansa.

"Mi sunanshi?"

Na dubi itacen da ke bayansa.

"Inna, da ke nake. Mi sunan yaron?"

Maƙwabciyata da ke bayana a layi ta fitar da ni. Ta faɗi sunan da kakarsa ta laƙaba masa, wanda kowa ke kiransa da shi a gida. Saurayin ya rubuta. Ya tambayi sunan uba, na sake duban itacen, ita kuma ta faɗi laƙabin da 'yan kasuwa suka san marigayin da shi. Ya rubuta. Shekaru kuwa bai tambayi kowa ba, ya dubi yaron sama da ƙasa yadda ake duban ɗan akuya, ya sa abin da ya ga dama. Ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada ya danna a littafin. Aka yi wa yaro lamba a dantse, aka ba ni kati, na zo na sa a ƙasan kumbo.

Da kaka aka ce mai unguwa ya kawo yaran da za a sa boko. Masu uba suka ce nasu na gona. Aka ɗauki maraya. Ƙanen mijina ne ya kai shi, kuma shi namiji ne, babu abin da ya ɗaure masa harshe. Ya faɗi sunan yanka, ya faɗi ainihin sunan wansa. Hedimasta ya sa yaron ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne, ya kamo, aka rubuta masa wasu shekarun daban.

Haka ɗana ya zama mutum biyu a wajen gwamnati. Ɗaya an yi masa lamba bai taɓa shiga aji ba. Ɗaya yana aji ba a taɓa yi masa lamba ba. Tuwon mutum ɗaya dai nake tuƙawa.

Shekaru suka wuce ina soya ƙuli-ƙuli ina kaiwa kasuwar Kankia. Sai kuɗin man fetur suka zo. Mu ba su zo mana ba, amma mun ga ƙurarsu. Babura suka cika hanya, malamai suka sayi rediyo da agogo, aka dinga ƙirƙiro ayyukan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Cikinsu har da aikin malamin haɗa rajista. Ba ya allura, ba ya koyarwa. Aikinsa shi ne ya ɗauki littafin asibiti da littafin makaranta ya sa su su yarda da juna. Aka ba shi ɗaki, da tebur mai aljihu, da hatimi, da masinja. Aka kuma yi doka cewa yaron da zai tafi makarantar kwana sai ya bi ta hannunsa, a tabbatar an yi masa lamba, don kada ya kai wa 'ya'yan mutane cuta.

Yarona ya ci jarrabawa. Hedimasta da kansa ya zo ƙofar gida ya faɗa wa ƙanen mijina. Ya ce saura hatimi guda, kuma ranar kasuwar Kankia mai zuwa ake tura sunaye Katsina. Wanda babu hatimi a takardarsa, a ba wani gurbinsa.

Na ciro katin daga kumbo. Muka tafi mu uku, ni da yaron da baffansa.

Barandar ofishin cike take da mata, daga Yashe, daga Tafashiya, kowace da ɗanta a gefe. Da aka shigar da mu sai na gane malamin. Saurayin nan ne na teburin Kusada. Wuyan zalɓen ya tafi, yanzu kai ne zaune a kan kafaɗa. Biro uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja. Rediyo na ta surutu a gefensa. Ya karɓi kati, ya buɗe littafi na dama, ya buɗe na hagu, ya bi da yatsa.

"Wannan katin ba na wannan yaron ba ne."

"Nashi ne, Malam," in ji baffan.

"Suna daban, uba daban, shekaru daban. Wanda aka yi wa lamba ya girmi wanda ya ci jarrabawa."

Na kama hannun rigar yaron na naɗe har kafaɗa. Tabon na nan kamar an danna kwabo.

"Ga lambar," na ce.

"Inna, ni ba a ɗauke ni aikin duba dantse ba. Wannan sashen malamin asibiti ne."

"Kai ka rubuta shi da hannunka a Kusada."

"Abin da aka faɗa mani na rubuta. Littafi ba ya ƙarya."

Baffan ya ce shi zai rantse, a kawo Alƙur'ani. Malam ya ce ba kotu ba ce. Baffan ya ce a kira mai unguwa. Malam ya juyo da littafin ya nuna wani baƙin tabo.

"Yatsan wa ke nan? Naka? Na mai unguwa? Wanda ya dangwala shi ke gyara. Ta tsaya nan gaban shaidu biyu, ta faɗi sunan yankan yaron da na ubanshi da bakinta, in rubuta gyara, shi ke nan. Abin da bai kai shan ruwa ba."

Baffan ya yi dariya. "Malam, kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Ɗan farinta ne fa. Kuma mai sunan babanmu."

"Ni ma ɗan fari ne. Har yau tsohuwata ba ta san ina da suna ba. Amma dokar ba a ƙauyenmu aka rubuto ta ba."

"To kai ka karanto, ita ta ce eh."

"Ba a sa wa mai shaida magana a baki."

Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa na taya. Malam ya dube mu, ya duba agogo, sai ya sassauta murya kamar mai yi mana alheri.

"Akwai hanya mai sauƙi. Ita duk matan can waje ke bi. Sai in rufe layin wancan yaron na littafin asibiti. Wannan kuma a kai shi nan baya a sake yi mashi lamba da sunanshi na makaranta, in buɗe mashi sabon layi. Ba ki ce komi ba, ban ce komi ba."

"Yaya ake rufewa?" na tambaya.

"Gurbi biyu ne. Ko ya yi ƙaura, ko ya rasu. Ƙaura sai an kawo takarda daga garin da ya koma. Rasuwa ba ta son komi." Ya zaro jan biro ya cire murfin.

Baffan ya juyo gare ni da fara'a. Tun ina amarya yake tsokanata, yana ce mini matarsa. "To ai shi ke nan, matata. Tawada ce. Mu kashe wancan mu tafi da namu, ko sadakar uku ba za a nema ba."

Masinja ya ƙyalƙyale.

Ni ban yi dariya ba. Ukun da suka mutu da gaske babu littafin da ya san sun zo duniya. Babu wanda ya cire murfin biro don su. Yanzu ga wanda ya rayu, mai numfashi a gefena, shi za a rubuta wa rasuwa kusa da yatsana. Sunan da za a ja wa jan layin kuwa shi ne wanda kakarsa ke kiransa da shi yana rarrafe. Su sun ce tawada ce. Ni na san baki ma iska ne, amma ba a ce wa yaro ya mutu ko da wasa.

"Mayar da biron nan aljihu," na ce.

"To sai ki faɗa."

"Ba wata hanya?"

"Akwai. Ku koma gida ya kama fartanya. Akwai yaro daga Yashe da ke jiran gurbin."

Sunan na nan a ƙirjina tun ranar da aka yanka rago, amma bai san hanyar fita ba. Na juya wa yaron baya, na dubi bango. Na faɗa.

"Ban ji ba," in ji Malam. Bai ko rage rediyon ba.

Na faɗa da muryar da nake tallan ƙuli-ƙuli.

"Na'am," in ji yaron.

Bai yi da gangan ba. A makaranta aka saba masa, in an kira a amsa. Masinja ya toshe baki da hula. Ta taga na ga wata mata a baranda ta dafe ƙirji tana salati. Baffan, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sa ido a ƙasa, don sunan ubansa ne ya ji a bakin matar wansa.

"Ɗan wa?" in ji Malam.

Na faɗi wannan ma. Mutumin da na zauna da shi har na ga an fita da shi a makara ban taɓa kama sunansa ba, sai ga shi na kama a gaban rediyo.

Malam ya rubuta wani abu ƙarami da shuɗin biro a gefen layi. Ya sake kama yatsana ya dangwala. Ya hura wa hatimi iska ya buga.

"Kin gani? Wa ya mutu?" Ya ɗaga kai. "Na gaba!"

Matan baranda yawanci jan biron suka zaɓa, kuma ban ga laifinsu ba. Yaransu suka tafi makaranta da tabo biyu a dantse. Littattafan Malam suka yi tsaf, na dama ya yarda da na hagu. Manya suka zo suka gani suka yaba. Sai kuma wani ya lura 'ya'yan fari na yawan rasuwa a ƙasar Kankia da Kusada, aka turo mota da ma'aikata su binciko cutar. Suka sha fura a gidan mai gari suka koma. Malam aka ƙara masa girma, aka ba shi mataimaka biyu, daga baya aka ɗauke shi zuwa Kaduna ya koya wa wasu aikin. An ce har mota ya saya. Na san wani hedimasta a wajen Tafashiya da ya rasu tun yana yaro a wancan littafin, yanzu jikokinsa sun fi goma.

Labarina kuwa ya riga ni isa gida. Har aka yi girbi, in na doso rijiya sai hira ta tsaya. Wata tsohuwa ta aiko a gaya mini boko ya shiga gidanmu ta baki. Na ce a gaya mata na ji.

A ranar dai, da muka fito, baffan ya ce yana da abin yi a kasuwa, ya sulale. Muka kama hanya mu biyu. Yaron na gaba da takardar a cikin riga, hannunsa dafe da ita, ni ina baya. Muka wuce gonakin gyaɗa. Sai da muka kusa rafi ya rage sauri, bai juyo ba.

"Inna."

"Mene ne?"

"Ashe kin san shi."

Na ce ya rufe mini baki ya ɗaga ƙafa, akwai akwatin da za a nema masa kafin ranar tafiya.