Kyamara mai ɗaga allo

Na fara ɗaukar hoto ne saboda matan unguwarmu a Kankia sun gaji da shigowar maza masu hoto cikin gida ranar suna da ranar walima. Wanda ya koya mini wani dattijo ne mutumin kudu, Kirista, mai situdiyo a bakin titin Kano zuwa Katsina, kusa da inda motoci ke tsayawa. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Abokin mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa. A hannunsa na samu kyamarata ta farko, ta hannu ce, baƙa, mai nauyi, har igiyarta ta yi mini kanta a wuya.

Ban yi shekara da ita ba yayana da ke Kano ya fara turo mini bidiyo a waya. Kamfanin da ya ƙera ta ya fitar da sabon samfuri. Suna ɗaya da tawa, lamba ce kawai ta ƙaru a ƙarshe. Tun daga ranar na riƙa ganin tawa kamar tsohuwar kwalla a ɗakin amarya. Na ɗauki wayar na nufi situdiyo.

Baba ya sa tabarau, ya karanta bayanin tsaf, sannan ya miƙo mini wayar.

"Sun matsar da maɓalli ɗaya daga hagu zuwa dama," in ji shi. "Batir ya ƙara jimawa kaɗan. 'Yata, me taki ta kasa yi miki jiya a gidan suna?"

Na koma gida ina cika ina batsewa.

Da wata sabuwa ta sake fitowa, aka ce tana ɗaukar hotuna rututu kafin ƙiftawar ido. Na sake komawa. Baba ya yi dariya har da tari.

"Wannan ta masu ɗaukar 'yan ƙwallo ce. Jaririn suna gudu yake yi?"

Ranar ce ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce masu ƙera kyamara sai an jima suke kawo canji na gaske. A tsakani kuwa dole su fito da wani abu don kada a manta da su, sai su gyara nan su taɓa can. Ya ce duk lokacin da sabuwa ta fito, manyan masu hoto na birni sukan saki wadda ke hannunsu, lafiyarta lau. Mai haƙuri sai ya tsaya a bayansu da taki ɗaya ya zaɓa. Na ji maganar, amma ba ta yi mini daɗi ba. Samfuri biyu suka wuce ni ina kallo, yayana yana yi mini tsiya duk zuwansa gida.

Akwai abu ɗaya da tawa ta kasa, sai dai ban taɓa ɗora wa kyamara laifin ba. Tsofaffin mata ba sa sakin jiki da ni. Da na ɗaga ta na kanga a ido, sai fuska ta ɗaure, a ja mayafi, a tsaya ƙiƙam. Wadda ta fi kowa ita ce Gwaggo, yayar mahaifina da ke Dudunni a ƙasar Kusada. Mace ce mai barkwanci, in tana labari har maƙwabta ke leƙowa ta kan danga, amma hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, kuma ko 'ya'yanta ba sa gane ta a ciki.

"Ke ɗiyar nan," ta ce mini wata rana, "ki ruhe huskarki da baƙin ƙarhe, sannan ki ce in yi dariya? Wa zan yi ma?"

Na ba Baba labarin don mu yi dariya. Bai yi ba, ya dai gyaɗa kai.

Bayan wasu watanni ya aiko a kira ni. Na same shi da wata kyamara a kan tebur, wadda wani abokin sana'arsa a Kaduna ya saki don ya sayi sabuwar fitowa. Na juya ta, na duba, kusan babu abin da ya raba ta da tawa. Sai Baba ya sa farce ya ɗago ɗan allon bayanta, ya tsaya a kwance kamar faifai. Ya danna maɓalli, ban ji ko ƙaras ba.

"Ɗora ta a cinya," ya ce. "Ki duba ƙasa ki daidaita, sannan ki ɗago ki kalli mutum. Wannan karon ki canza."

Da yayana ya ji na saye ta, cewa ya yi na jira shekaru na ƙare a tsohon yayi.

Da lokacin kaka ya yi, na tafi Dudunni. Na tarar da Gwaggo a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi tana ɓare wake. Bayan mun gaisa na nuna mata kyamarar, na ce hotonta na zo ɗauka, amma ba zan rufe fuskata ba. Ta harari abin, ta harare ni.

"To, mu gani."

Na zauna gabanta, na ɗora ta a cinya, na jawo kwando ina taya ta da hannu ɗaya. Na tambaye ta ko gaskiya ne mahaifina ya taɓa faɗawa cikin rumbu yana yaro. Ai kuwa ta ajiye waken. Ta kwatanta yadda ya hau satar gyaɗa, ƙafafunsa kaɗai ake hange suna wutsil-wutsil, ita kuma ta tsaya ta gama dariyarta kafin ta kira manya. Tana faɗa tana tafa hannu, wushiryarta a waje, idonta cikin nawa. Na danna sau uku.

Baba da kansa ya wanke hoton, ya ƙi bari kowa ya taɓa. Ya daɗe yana gyara hasken, don ya ce baƙar fata a inuwa tana son a bi ta a hankali. Ina tsaye a bayansa ina so in yi masa godiya, na rasa ta inda zan fara, sai na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce amin bai waiwayo ba.

Mahaifina ne na fara nuna wa. Ya riƙe hoton, ya ce haka take tun suna yara. Ranar Juma'a muka hau mota tare muka kai mata. Ta karɓa, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi.

"Kallabin ya karkace," ta ce. "Kina gani ba ki hwaɗa mini ba?"

Na ce sai mu sake wani.

"A'a, bar shi." Ta juya wajen mahaifina. "Kai kuma kana zaune. Tashi ka nemo mini ƙusa."