Bindigar Yaya Abakar tana bangon wani

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Abakar, kuma har yau in na ga tallar sabon wurin koyon harbi a Jidda sai raina ya ɓaci.

Yayana makaniki ne, haifaffen unguwar Karantina a nan Jidda kamar ni, iyayenmu Hausawan Sudan. Ko tsuntsu bai taɓa harbi ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ya kafa kwali can nesa, ya zana ɗigo, ya huda shi da bindigar iska, ya sake harbi harsashin ya bi ramin farko. Mu kam dariya muke masa, muna cewa ina talaka ina wasan masu kuɗi. Shi kuwa ya ce ai da babu gara ba daɗi. A kasuwar gwanjo ya samo bindigar, tsohuwa tukuf, ya kwance ta ya gyara da hannunsa. Madubin hangen sai da shekara ta zagayo ya iya saye. Matashin da ake ɗora bakin bindiga kuwa safarsa ce ya cika da shinkafata, ban yafe ba har yau. Ya bar sigari, ya bar gahawa, wai suna sa hannu rawa. Ran Juma'a bayan la'asar yakan fita bayan gari, 'yarsa Ihsan na biye da shi ɗauke da kwalaye.

Sai dai an ce masa takardar mallaka sai ɗan ƙasa. Don haka aka rubuta bindigar da sunan kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya mana muke zaune a ƙarƙashin sunansa, yadda aka rubuta garejinsa da motarsa. Haka muke rayuwa a nan, gumi namu, suna na wani. Ana gama zaman makoki kafilin ya aiko aka ɗauke ta, wai kada ta jawo mana fitina.

Da Yaya zai leƙo yau, da bai gane garin ba. An rushe Karantina ta zama fili, mun watse, ni da Ihsan muna haya a unguwar Sharafiyya. Harbin da ya yi ta yi a ɓoye kamar ɓarawo yanzu abin ado ne, ga na'urar sanyi, ga bindigar haya, har mata na zuwa. Ban san ko murna zai yi ko kuka ba. Ni dai haushi nake ji, don abin ya zo bayan mai son sa ya tafi.

Ihsan ta girma, tana aiki a shagon turare, kuma in ta samu sarari takan je ta yi hayar bindiga. Mai koyarwar ya ce bai cika ganin hannu mai natsuwa irin nata ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in karɓo mata ta babanta. Na ɗauki alkawari.

Kafilin ya rasu, ɗansa ne ya gaje shi, ya gaje mu. Ya karɓe ni da fara'a, aka kawo dabino. Ina ɗaga kai na ga bindigar rataye a bangon falo, tsatsa ta fara cin ta. A ƙasanta ga kwali cikin gilashi, rami ɗaya a tsakiya. Na san kwalin, na garejin Yaya ne. Yaron ya nuna mini shi da alfahari, ya ce marigayi babansa gwanin harbi ne, wannan gadonsu ne, ba ya bayarwa. Mutumin da ko kofin shayi ba ya riƙewa bai zubar ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haɗiye maganata, na yi godiya, na fito.

To me ya rage na Yaya Abakar? Ba gida, ba gareji, ba bindiga, harbinsa ma an ba wani. Yarinyar nan ce kawai. Da na faɗa mata yadda muka yi, sai ta ce da Hausarta mai ɗingishi:

"Halas, shi ke nan, Gwaggo. Amma me ya sa ba ki ce masa ƙarya yake ba?"

Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, za ta ƙare bayan Sallah, kuma sa hannun ɗan kafilin muke jira.